Ina Za Mu Gina Rumbun Bayananmu?

Da yawa daga cikin masu karatunmu za su tuna da ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 2024. Tun da hantsi masu sana'ar POS a bakin kasuwanni suka fara girgiza kai suna mayar wa mutane da katinsu. Ɗan kasuwa ya tura kuɗin kaya, kuɗin bai isa ba bai kuma dawo ba. A cikin bankuna da dama kuwa babu abin da ma'aikata ke faɗa wa dogon layin da ke gabansu sai a yi haƙuri, na'ura ba ta tafiya. Wasunmu suka ɗora laifin a kan kamfanonin waya, wasu a kan bankuna, wasu kuma suka ce ai gwamnati ce ta sake taɓo wani abu.

Sai daga baya labari ya fito cewa abin ya faru ne a nesa da mu ƙwarai, a can ƙarƙashin teku daura da gaɓar ƙasar Kodebuwa. Manyan wayoyi huɗu da ke ɗauke da saƙonnin intanet tsakanin Afirka ta Yamma da Turai, watau WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a rana ɗaya, kuma abin da masana suka fi zato shi ne zabtarewar ƙasa a gindin teku. Hukumar sadarwa ta Ghana ta shaida wa jama'arta cewa gyaran zai ɗauki aƙalla mako 5. Jirgin ruwan da zai yi aikin ma sai daga Cape Town ta Afirka ta Kudu ya taso. Abin da ya rage mana zafi shi ne wayar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta sauka Legas a 2022, ba ta taɓu ba, aka karkata wasu saƙonnin ta kanta.

To, tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: me ya haɗa kuɗin da mutum ya tura daga Jos zuwa Kafanchan da wayar da ta tsinke a tekun Kodebuwa? Amsar ita ce wani sashe na ayyukan da bankuna da kamfanoninmu ke dogara da su yana zaune ne a cikin kwamfutocin da ke wasu ƙasashe. Saƙon yakan fita ƙasar waje ya dawo kafin ƙiftawar ido, ba mu sani ba, sai ranar da hanya ta yanke. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwa masu karatu bayani a kan waɗannan gidajen kwamfutoci, da kuma gardamar da ake yi yanzu a duniya a kan inda za a gina su.

Mene ne rumbun bayanai?

Mukan ji matasa suna cewa sun ajiye hotuna ko takardunsu a "girgije". Gaskiyar magana ita ce babu abin da ke sama. Abin da ake nufi shi ne wani ƙaton gini a ƙasa, mai kama da sito, sau da yawa ba shi da ko taga, cike da kantoci na ƙarfe, a kowace kanta an jera kwamfutoci dubbai suna aiki dare da rana. Wannan gini shi muke kira rumbun bayanai. A cikin irinsa ne lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN take, da lambar banki ta BVN, da jerin sunayen masu zaɓe, da albashi da fanshon ma'aikata, da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu, da saƙonnin da muke aika wa juna ta waya.

Gini irin wannan yana bukatar abubuwa huɗu da ba ya rayuwa in babu su. Na farko wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa ko na daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ake ajiye manyan batura da janaretoci a gefe. Na biyu sanyi, domin kwamfutocin suna fitar da zafi mai tsanani, dole a riƙa sanyaya su da iska ko da ruwa. Na uku hanyoyin waya masu zaren gilashi da za su haɗa ginin da sauran duniya, kuma a ƙa'ida ta fuska fiye da ɗaya. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, zaman lafiya da doka tsayayya, domin wanda ya zuba kuɗi a wannan gini yana lissafin shekara ashirin ne ko fiye.

Kakanninmu sun san wannan lissafi tun kafin zuwan kwamfuta. Ba a gina rumbu a kwari inda ruwa ke kwanciya, akan ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da damshi, ba a kuma gina shi a jikin madafa. Magidanci mai hankali ba ya tara hatsinsa duka a rumbu ɗaya, kuma yakan yi tunani sau biyu kafin ya kai ajiya gidan wanda ba su cika shiri ba. Tambayoyin da manyan injiniyoyi da ministoci ke fama da su a yau ba su wuce waɗannan ba.

Lokacin da duniya take kasuwa ɗaya

Shekaru ashirin da suka wuce amsar tana da sauƙi. Kamfani yakan duba inda wuta take da araha, ƙasa take da sauƙi, haraji yake da rangwame, sai ya gina a can, ya yi wa duniya duka hidima daga wuri ɗaya. Ta haka ne arewacin jihar Virginia ta Amurka ya zama matattarar rumbunan bayanai mafi girma a duniya, haka kuma biranen Dublin da Amsterdam da Frankfurt da Landan a Turai, da Singafo a Asiya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 Amurka kaɗai ce ta sha kashi 45 cikin 100 na lantarkin da rumbunan bayanai suka sha a duniya, Sin kashi 25, Turai kashi 15. Afirka kuwa, mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, rabonta a ƙarfin rumbunan bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa yana Afirka ta Kudu.

A wancan lokaci ba a damu da tambayar ko a ƙasar wa aka ajiye bayanan ba, domin an ɗauka ciniki zai ci gaba da tafiya ko da shugabanni sun ɓata. Wannan zato ne ya rushe a hankali, kuma ta fuska uku ya rushe: ta doka, ta kayan aiki, da ta yaƙi.

Kowa ya ja shinge

A 2013 wani tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka mai suna Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin ƙasarsa ke tattara saƙonnin mutane daga manyan kamfanonin intanet. Daga nan ƙasashe suka fara jan shinge. Rasha ta fara aiki da doka a 2015 wadda ta ce dole a ajiye bayanan 'yan ƙasarta a cikin ƙasar, kuma a 2016 ta rufe dandalin LinkedIn saboda ƙin bin dokar. Sin ta kafa tata dokar a 2017, har ya kai ga kamfanin Apple ya mayar da ajiyar masu amfani da wayoyinsa na Sin hannun wani kamfani na lardin Guizhou a 2018.

A wannan shekara ta 2018 Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanan jama'a, wadda aka sani da GDPR. Ita ma Amurka a shekarar ta kafa wata doka da ake kira CLOUD, wadda ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanin Amurka ko da a wata ƙasa ya ajiye su. Masu karatu za su ga inda gizo ke saƙa. Kana iya gina rumbu a cikin gidanka, amma in mabuɗin yana hannun baƙo, kuma sarkin garinsu yana da ikon ya ce masa ya buɗe, to, rumbun naka ne da suna kawai. A 2020 babbar kotun Turai ta soke yarjejeniyar da ta ba da damar kai bayanan Turawa Amurka, sannan a 2023 aka ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook, Yuro biliyan 1.2 a kan wannan batu.

Afirka ma ta ɗanɗana nata. A watan Janairu na 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ba da labarin cewa an shafe shekaru ana kwashe bayanai da dare daga kwamfutocin hedkwatar Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa, ginin da Sin ta gina kyauta, ana aika su Shanghai. Gwamnatin Sin ta musanta wannan zargi da ƙarfi. Ko ma yaya gaskiyar take, labarin ya sa shugabanni da dama sun farga. A 2021 Senegal ta buɗe rumbun bayanai na gwamnati a Diamniadio, kuma shugabanta na lokacin, Macky Sall, ya ba da umurni a dawo da bayanan gwamnati gida. Sai dai shi ma wannan rumbu kamfanin Huawei na Sin ne ya taimaka wajen gina shi.

Rigimar kayan aiki

Fuska ta biyu ita ce ta kayan da ake zubawa a cikin ginin. Ƙwaƙwalwar kowace kwamfuta wani ɗan ƙaramin faifai ne da ake kira cip, kuma mafi ƙarfinsu, waɗanda ake amfani da su wajen ƙirƙirarriyar basira, ƙasashe ƙalilan ne ke da hannu a cikinsu. Kamfanin Nvidia na Amurka ne kan gaba wajen tsara su, kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan ne ke ƙera mafi yawansu, injinan da ake ƙera su da su kuma kamfanin ASML na Holan ne kaɗai ke yin mafi ingancinsu. Taiwan kuwa ita ce tsibirin da Sin ke cewa yankinta ne.

A 2019 Amurka ta sa kamfanin Huawei cikin jerin waɗanda aka hana sayar wa fasaharta sai da izini. A watan Oktoba na 2022 ta hana sayar wa Sin manyan cip. Sin ta rama a 2023 da taƙaita fitar da wasu ma'adinai biyu, galiyam da jamaniyam, waɗanda masana'antar ke bukata. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Joe Biden ta fitar da wata ƙa'ida da ta kasa ƙasashen duniya gida uku: aminai 18 da za su saya yadda suke so, abokan gaba da aka hana gaba ɗaya, da sauran jama'a da aka yanka wa iyaka, mu ma muna cikin wannan rukuni na tsakiya. Wata huɗu bayan haka, a watan Mayu, gwamnatin Donald Trump ta soke ƙa'idar tun kafin ta fara aiki.

Mu sa kanmu a matsayin mai shirin gina rumbu na shekara ashirin. Yaya zai yi lissafi alhali dokar sayen kayan aikinsa tana iya sauyawa cikin wata huɗu? In ya sayi kayan Sin, wasu abokan ciniki na Yamma za su guje shi. In ya sayi na Amurka, yana zaune ne bisa izinin da za a iya janyewa.

Ranar da yaƙi ya zo

Fuska ta uku ita ce mafi muni. Mako guda kafin Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu na 2022, majalisar dokokin Yukren ta gyara dokar da ta hana fitar da bayanan gwamnati daga ƙasar. Cikin gaggawa aka kwashe rajistar filaye da ta haraji da ta makarantu da ta bankuna a cikin wasu na'urorin ajiya masu girman akwatin tafiya, aka mayar da su rumbunan da ke wasu ƙasashen Turai. Da an bar su a gida bisa tsohuwar doka, da makami mai linzami ɗaya ya isa ya shafe tarihin wanda ya mallaki wace gona. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanonin Rasha da suka dogara da rumbunan Amurka sun wayi gari a watan Maris na 2022 manyan kamfanonin sun daina karɓar sababbin abokan ciniki daga ƙasarsu.

Darussa biyu ke nan masu karo da juna daga yaƙi ɗaya. Wanda ya ajiye komai a gida yana cikin haɗarin wuta da bam, wanda ya ajiye komai a waje yana cikin haɗarin a rufe masa ƙofa. Ƙaramar ƙasar Estoniya, wadda ta sha harin kwamfuta mai tsanani a 2007, ta samo wata dabara ta tsakiya. A 2017 ta ƙulla yarjejeniya da Luksambog ta ajiye kwafin muhimman bayananta a can, a wani ɗaki da doka ta ba shi kariya irin ta ofishin jakadanci, watau ko gwamnatin mai masauki ba ta da ikon shiga.

Wayoyin teku ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2024 wayoyi uku suka yanke a Bahar Maliya, kuma jami'an Amurka suka ce ƙugiyar wani jirgin dakon kaya mai suna Rubymar ce ta ja su, bayan da 'yan Huthi na Yaman suka harbe shi. Gabashin Afirka na cikin waɗanda abin ya shafa.

Ba sai da yaƙi ake yin asara ba. A ranar 26 ga Satumba na 2025 batir ya kama wuta a rumbun bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya, kuma aka rasa wata babbar ajiya ta takardun ma'aikata domin ba a yi mata kwafi a wani wuri ba. Wata guda bai cika ba, a ranar 20 ga Oktoba, wata tangarɗa a rumbunan kamfanin Amazon da ke Virginia ta tsayar da ayyuka a ƙasashe da yawa na tsawon sa'o'i, har da wasu bankunan Ingila. In ƙasashe masu wannan ƙarfi za su yi tuntuɓe haka, to, gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Wuta ce uwar tafiya

Ko da an warware rigimar siyasa, akwai ta lantarki. A 2024 rumbunan bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na dukan lantarkin duniya, kuma Hukumar Makamashi ta Duniya tana hasashen zai ninka ya wuce nan da 2030, har ya ɗan zarce abin da ƙasar Japan duka ke sha. Rumbu ɗaya na ƙirƙirarriyar basira yana iya shan wutar gidaje 100,000. A ƙasar Ayalan rabon rumbunan ya tashi daga kashi 5 cikin 100 na lantarkin ƙasar a 2015 zuwa kashi 21 a 2023, har hukumomin lantarki suka taƙaita jona sababbi a yankin Dublin. Singafo ta dakatar da sababbin gine-gine daga 2019 zuwa 2022, masu kuɗi suka tsallaka gada zuwa jihar Johor ta Malesiya. A Amurka, a 2024, kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sake tayar da wata tashar nukiliya da aka rufe a Three Mile Island domin ta ba shi wuta.

Saboda haka yanzu masu gini suna bin inda wuta take ne, kuma ƙasashe masu arzikin makamashi sun shigo kasuwa. A watan Mayu na 2025 aka sanar da shirin gina wata unguwar rumbunan bayanai a Abu Dhabi mai ƙarfin megawat 5,000. Domin mu gane girman wannan adadi, dukan lantarkin da babban layin Nijeriya ke rabawa mutum fiye da miliyan 200 yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000.

Mu a nan gida

Nijeriya ba ta zauna hannu sake ba. Wayar MainOne, wadda injiniya Funke Opeke ta kafa kamfaninta, ta fara aiki a 2010, kuma a 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya sayi kamfanin da rumbunansa a kan Dala miliyan 320. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai wasu a Lekki da Eko Atlantic, kuma a 2025 MTN ya buɗe nasa a Legas. Wayar 2Africa mai tsawon kilomita 45,000 ta sauka Legas da Akwa Ibom a 2024. Tun a 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar cewa bayanan gwamnati su zauna a cikin ƙasa, sannan a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa.

Amma mai karatu zai lura cewa kusan duk sunayen da muka ambata a gari ɗaya suke, wasu ma a bakin teku. Akwai dalili, domin a nan wayoyin ke sauka, a nan kuma hedkwatocin bankuna suke. Duk da haka hatsin ƙasa ne aka tara a unguwa ɗaya. Abin da ya ɗan sassauta wannan shi ne rumbun kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone da ke Abuja, da na Kano wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairu na 2023. Shi ma yana ƙarƙashin wani shiri ne da bankin Exim na Sin ya amince da rancen Dala miliyan 328 dominsa a 2018, tare da Huawei a matsayin mai aiki. Ba mu ce rance laifi ne ba, amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, saboda haka ya kamata jama'a su san sharuɗɗan da aka sa wa hannu da sunansu.

Rarrabuwar kai da muke magana a kanta ba a Turai da Asiya kaɗai take ba, ta iso bakin iyakarmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Jamhuriyar Nijar, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ta bisa takunkumin ECOWAS, alhali kuwa kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga nan yake zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu na watanni, sai a watan Maris na 2024 aka mayar. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Duk wanda ya yi niyyar gina rumbu a Kano ko Katsina domin ya yi wa ƙasashen Sahel hidima, ko a Yamai bisa dogaro da wutar Kainji, dole ya sake lissafi. Waɗannan kuwa 'yan'uwa ne masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya.

Sai kuma tamu wutar. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama suka kwana fiye da mako guda a duhu, bayan ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma lalacewar layin da ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir. A shekarar babban layin ƙasa ya faɗi fiye da sau goma. A watan Afrilu kuɗin wuta na rukunin A ya tashi daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit. Dala kuwa, wadda take wajen Naira 460 a farkon Yuni na 2023, ta haura Naira 1,500 a 2024. Wannan ya sa ƙananan kamfanoninmu da ke biyan hayar rumbunan waje da Dala suka ga kuɗin ya ninka sau uku, wasu suka fara neman na gida. Na gidan ma da Dala yake sayo kwamfutoci da batura, da man dizal kuma yake cike giɓin wuta.

Abin da muke ganin ya kamata a duba

Na farko, kada a tara komai a wuri ɗaya. Kowane muhimmin bayani na ƙasa ya zama yana da kwafi a wuri na biyu mai nisa, wanda ambaliya ɗaya ko faɗuwar layi ɗaya ba za ta haɗa su ba. A nan ne Arewa take da hujja. Zafi da ƙurar hunturu suna ƙara kuɗin sanyaya gini a Kano ko Kaduna, gaskiya ne, amma akwai fili, akwai rana mai yawa, akwai madatsun Shiroro da Zungeru, akwai tudun Jos mai sanyi, ga kuma bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2020.

Na biyu, a rarrabe bayanai. Ba kowane abu ne ya zama dole ya zauna a gida ba, domin rufe ƙofa gaba ɗaya yana ƙara tsada ga ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa. Amma rajistar 'yan ƙasa da ta masu zaɓe da hanyar biyan kuɗi tsakanin bankuna su kasance suna iya aiki ko da dukan wayoyin teku sun yanke. Saƙon da ya tashi daga Jos zuwa Kafanchan ba shi da dalilin zuwa Landan.

Na uku, kada a jingina da mai sayarwa ɗaya ko ƙasa ɗaya. Kafin a sa hannu a kwangila a tambaya: in mun ɓata da ku, cikin kwana nawa za mu iya kwashe kayanmu, kuma nawa za mu biya? Wa ke riƙe da mabuɗin? Dokar wace ƙasa ce ke kanku?

Na huɗu, duk wanda zai gina babban rumbu ya zo da wutarsa, ya kuma bayyana ruwan da zai sha. Ba daidai ba ne a ɗauke wa asibiti da masu walda da masu niƙa ɗan abin da suke samu domin a sanyaya kwamfutoci. Jama'ar da za a karɓi filinsu su san tun farko cewa rumbun bayanai yana ɗaukar leburori da yawa lokacin gini, amma bayan an gama ma'aikatansa kaɗan ne, kuma ƙwararru ne.

Wannan ya kawo mu ga na biyar, watau mutane. Gini da kwamfuta ana iya sayensu da rance, amma in duk lokacin da na'ura ta lalace sai an jira injiniya ya sauka daga jirgin sama, to, kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Iyaye da shugabannin makarantu su sani cewa aikin nan yana bukatar masu gyaran lantarki da na'urorin sanyi da masu haɗa waya kamar yadda yake bukatar masu digiri. Kwalejojin fasaha da muka yi watsi da su suna da gurbi babba a nan. Haka kuma wayar da aka binne a gefen hanyar garinmu dukiyarmu ce, a 2024 gwamnati ta sa ta cikin muhimman kadarorin ƙasa, kuma wanda ya tone ta ya sayar maƙwabcinsa ya cuta.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwa masu riƙe da makarantu da ɗakunan shan magani da ƙungiyoyin adashi da su fara da nasu ɗan rumbun. A tambayi wanda ke kula da kwamfutar ofis: ina takardunmu suke zaune, wa ke da kalmar sirrin buɗe su, ina kwafi na biyu yake, kuma yaushe aka gwada shi aka ga yana buɗewa? Takardar fili da ta haihuwa da ta makaranta a ci gaba da adana na hannu a wuri mai kyau. Wakilanmu a majalisa kuma mu riƙa yi musu irin waɗannan tambayoyi game da bayanan ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wayar teku za ta sake tsinkewa wata rana.